Al'ada Tana Zuwa, Ciki Ba Ya Shiga: Yadda Ƙwan Mace Ke Tsufa

A jihohin Dakota da Montana na Amurka da filayen yammacin Kanada akwai wasu manoma Kiristoci da ake kira Hutterawa. Suna noma tare, suna ci tare, kuma a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ba ruwansu da tsarin iyali. Mace takan yi aure ta yi ta haihuwa, tara, goma, wata ma fiye, har jikinta ya daina don kansa. A 1957 wani likita mai suna Christopher Tietze ya bi tarihin haihuwar matansu yana neman amsar tambaya ɗaya: idan an bar jikin mace da halinsa, yaushe haihuwa ke tsayawa?

Cikin mata 100, ya tarar 11 ba su sake haihuwa ba bayan shekara 34. Zuwa shekara 40 adadin ya kai 33, zuwa 45 kuwa ya kai 87. Galibi auta yakan zo ne uwa tana wajen shekara 41.

Amma al'ada ba ta ɗaukewa a shekara 41. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna daina ganinta ne tsakanin shekara 45 da 55, a ƙasashen Turai da Amurka kuwa galibi wajen 51. Ke nan akwai shekaru kusan goma da mace ke ganin jininta kowane wata, tana wankan tsarki, tana lissafin kwanaki, alhali samun ciki ya riga ya yi mata wuya ƙwarai. Mai neman haihuwa a wannan tsakani tana shan wahala ta musamman, domin duk wanda ya dube ta lafiya lau yake gani, shi ya sa kowa ke da nasa bayanin: asiri ne, iska ce, sanyi ne, mahaifa ce ta gaji. Masana sun shafe kusan ƙarni guda suna bin sawun abin, kuma sawun ya kai su cikin ƙwan kansa.

Ajiyar da ba a ƙara mata

Namiji yana ƙera maniyyi tun daga balaga har tsufa, kowane sabon rukuni yana ɗaukar wata biyu da 'yan makonni kafin ya nuna. Mace kuwa da ƙwanta ake haihuwarta. A 1963 wani masani a Ingila, T. G. Baker, ya ƙirga ƙwayayen da ke cikin gidan ƙwai na 'yan tayi, ya ga sun kai kusan miliyan 7 lokacin da cikin ke wata biyar. Daga nan sai raguwa. Ranar da aka haifi jaririya saura miliyan 1 zuwa 2. Ranar da ta fara al'ada saura kamar 300,000 zuwa 400,000. Tun kafin ta san menene aure, fiye da kashi 90 cikin 100 sun tafi.

A duk rayuwarta, ƙwai 400 zuwa 500 kacal za su nuna su fito. Sauran suna lalacewa ne a hankali inda suke. Kowane ƙwai yana kwance cikin wata 'yar jaka ta ƙwayoyin halitta, yana barci. Kullum wasu jakunkuna kan farka su fara girma, kuma wadda ta farka ba ta komawa barci: ko ta kai ga nuna, ko ta mutu a hanya, kuma kusan dukkansu mutuwa suke yi. Wannan farkawa ba ta jiran al'ada. Tana faruwa a jikin yarinya 'yar shekara biyar, tana faruwa a jikin mai ciki da mai shayarwa.

A 2010 wasu masana biyu a Sukotland, Hamish Wallace da Tom Kelsey, sun haɗa ƙidayar da aka yi a wurare da dama suka fitar da lissafi: a shekara 30 yawancin mata kashi 12 cikin 100 na ajiyar da aka haife su da ita ya rage musu, a shekara 40 kuwa kashi 3. Idan abin da ya rage ya sauko wajen 1,000, al'ada ta ɗauke.

An taɓa samun ɗan fata cewa ajiyar tana sabuntawa. A 2004 Jonathan Tilly na Boston ya ce ya gano ƙwayoyin da ke ƙera sabon ƙwai a jikin manyan ɓeraye, aka yi ta muhawara shekara da shekaru. A 2020 masana a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun binciki dubban ƙwayoyin halitta na gidan ƙwan mata ɗaya bayan ɗaya, ba su ga irin waɗannan ƙwayoyi ba. Yawancin masana har yanzu suna kan maganar farko.

Sai dai ƙidaya kaɗai ba ta warware matsalar. Mace 'yar shekara 40 tana da dubban ƙwai, kuma guda ɗaya ake buƙata a wata. Me ya sa ɗayan nan ba ya isa?

Ɗaurin da ya shekara 40

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromozom 46, wato ƙunshin bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kafin ƙwai ya haɗu da maniyyi dole ya raba nasa gida biyu daidai, ya riƙe 23 ya zubar da 23. Abin mamakin shi ne ƙwan mace yana fara wannan rabo tun tana cikin cikin uwarta, sai ya tsaya cak a tsakiyar aiki. Ba zai ci gaba ba sai 'yan sa'o'i kafin fitowarsa, ko bayan shekara 15 ne, ko bayan 45.

Duk tsawon wannan jira, kuromozom ɗin suna ɗaure biyu-biyu da wasu zobba na furotin da ake kira kohesin. Su ne ke riƙe kowane da abokinsa don ranar rabo ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu. A 2010 ƙungiyoyin masana da dama, ciki har da ta Kim Nasmyth a Oxford da ta Mary Herbert a Newcastle, sun nuna a jikin ɓeraye abubuwa biyu: zobban da aka ɗaura tun farko ba a sabunta su, kuma suna raguwa da shekaru. Daga baya aka ga irin wannan sakin a ƙwan mata. Kamar damin dawa ne da aka ɗaure aka jingine, aka ce ba za a kwance shi ba sai bayan shekara 40, ba kuma wanda zai sake masa igiya. Ranar da aka zo ɗauka, wasu zangarniyoyin sun riga sun zame.

Idan ɗaurin ya saki, rabon sai ya karkace. Ƙwai ya tashi da kuromozom 24, ko 22. Maniyyi zai iya shigarsa, ɗan tayi ya fara samuwa, amma yawancin irin waɗannan ba sa kama mahaifa sam. Matar ba za ta ma sani ba, sai dai ta ga al'adarta ta zo, ko ta ɗan makara kwana biyu. Waɗanda suka kama kuwa galibi ɓari suke zama a watanni ukun farko, kuma kusan rabin ɓarin da ake yi a wannan lokaci daga matsalar kuromozom ne. Kaɗan ne ke kaiwa haihuwa, fitacce a cikinsu shi ne wanda ya zo da ƙarin kuromozom na 21, wato lalurar Down.

Tun a 1933 likitan Ingila Lionel Penrose ya nuna cewa shekarun uwa ne ke da alaƙa da wannan lalura, sai a 1959 aka gano ƙarin kuromozom ɗin a Faris, a aikin Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin. Ga mai shekara 25, ba ta kai haihuwa 1 cikin 1,000 ba. A shekara 35 kamar 1 ce cikin 350, a shekara 40 kamar 1 cikin 100, a shekara 45 kamar 1 cikin 30. Ko a nan ya kamata a lura: mai shekara 40 da cikinta ya kai haihuwa, sau 99 cikin 100 jaririn ba ya zuwa da wannan lalura.

Zuwan dashen ciki na IVF ya ba likitoci damar ganin abin da idonsu. Wani asibiti a jihar New Jersey ya fitar da sakamakon gwajin 'yan tayi fiye da 15,000 a 2014. Mafi ƙarancin kuskure yana wurin mata masu shekara 26 zuwa 30. A shekara 40 fiye da rabin 'yan tayin suna da kuskuren kuromozom, a shekara 44 kuwa fiye da 8 cikin 10. Ƙididdigar ɓari ita ma haka take tafiya. A Norwe an bi ciki fiye da 420,000, aka ga ɓari yana samun 10 cikin 100 a tsakanin shekara 25 da 29, amma ya haura rabi ga masu 45 zuwa sama.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, kuma ya cancanci a ji shi a ƙasashen da ake aurar da 'ya'ya mata da wuri. A 2019 ƙungiyar Eva Hoffmann a Kofenhagen ta binciki ƙwai wajen 3,000 na masu shekara 9 zuwa 43. Kuskuren bai tsaya ga manya ba: 'yan ƙasa da shekara 20 su ma ƙwansu ya fi na 'yan ashirin da wani abu yawan kuskure, sai dai ta wata hanya daban. Ingancin ƙwai yana hawa ne bayan balaga, ya daidaita, sa'annan ya sauka.

Sauran abubuwan da ke gajiya

Kohesin ba shi kaɗai ba ne. Don a ja kuromozom zuwa gefe biyu, ƙwai yakan saƙa wasu siraran zaruruwa su kama kowanne. Melina Schuh, wadda yanzu take cibiyar Max Planck a Göttingen ta Jamus, ta ɗauki hoton wannan aiki a rayayyun ƙwan mata a 2015. Ta ga saƙar tana cin sa'o'i kusan 16, tana tangaɗi, tana wargajewa tana sake haɗuwa, ko da a ƙwan matasa. Ƙwan ɗan Adam tun asali mai yawan kuskure ne idan aka gwada shi da na ɓera. Idan aka haɗa zare mai tangaɗi da ɗauri mai saki, sai kuskuren ya ninka.

Ga kuma maganar ƙarfi. Ƙwai shi ne mafi girman ƙwayar halitta a jikin mutum, kuma cike yake da maitokondiriya, 'yan injinan da ke samar da kuzari. Aikin waɗannan injina yana fitar da wasu sinadarai masu lahani, to yaya ƙwai ke shekara 40 bai lalace ba? A 2022 Elvan Böke da abokan aikinta a Basalona sun gano cewa ƙwai mai barci yana kashe wani babban sashe na injin, yana rayuwa da ɗan ƙaramin kuzari don kare kansa. Duk da wannan dabara, ƙwan manyan mata yakan nuna raunin kuzari a daidai lokacin da rabon kuromozom ke buƙatarsa.

Sai gyaran DNA. Zaren gado yakan tsinke lokaci-lokaci, kuma akwai ƙwayoyin gado da aikinsu ɗinke shi ne. A 2013 ƙungiyar Kutluk Oktay a New York ta nuna cewa aikin wasunsu, har da BRCA1 da aka fi sani da alaƙa da sankarar mama, yana raguwa a ƙwai da shekaru, tsinkewar kuma tana taruwa. A 2021 wani babban bincike a kan mata kusan 200,000 ya gano wurare 290 a cikin gado da ke da hannu a lokacin ɗaukewar al'ada, da yawansu na gyaran DNA ne. Matan da wata ƙwayar gado mai suna CHEK2 ba ta aiki a jikinsu sukan ƙara kusan shekara 3 da rabi kafin al'adarsu ta ɗauke, domin aikinta shi ne kashe ƙwan da ya samu lahani. Wannan ne ya sa likita ke tambayar mace shekarun da mahaifiyarta ko yayarta ta daina al'ada. Tambaya ce mai amfani, kuma amsarta tana cikin gida, kyauta.

Gidan ƙwan shi ma yana tsufa. Kowace fitar ƙwai 'yar fashewa ce da ke warkewa, ɗaruruwan irinta kuma suna barin tabo. Francesca Duncan a Chikago ta nuna tun 2016 cewa gidan ƙwan tsofaffin ɓeraye yana cika da tabo da kumburi, daga baya aka auna aka ga yana taurara, an kuma ga alamun hakan a na mata. A 2022 ƙungiyar Rebecca Robker a Adelaide ta Ostireliya ta ba tsofaffin ɓeraye maganin rage tabo, wasu suka koma fitar da ƙwai. A ɓeraye ne dai.

Mahaifa ba ta da laifi

Hujja mafi ƙarfi cewa ƙwai ne ke tsufa ta fito daga Kalifoniya a farkon shekarun 1990. Likitoci Mark Sauer da Richard Paulson sun dasa wa mata masu shekara 40 da wani abu, daga baya har masu 50, 'yan tayin da aka samu daga ƙwan matasa. Cikin ya zauna, suka haihu, kuma nasararsu ta yi kusa da ta matasan. Mahaifar mace 'yar shekara 45, idan an shirya ta da homon, tana iya riƙe ciki, ko da yake hawan jini da ciwon sukari na masu ciki sun fi yawa a wannan shekaru.

Malaman Sunna ba su halatta amfani da ƙwan wata ba. Fatawar Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jad al-Haq, a 1980 ta yarda da dashen ciki muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma da aure a tsakaninsu. Ga Musulmar da ke bin wannan fatawa ke nan shekarun ƙwanta sun ƙara nauyi, domin da shi kaɗai za a yi aiki.

Jiki yakan ba da alamun raguwar ƙwai, sai dai marasa ƙara. Idan jakunkunan ƙwai suka yi ƙaranci, homon ɗin da suke aika wa ƙwaƙwalwa yana raguwa, ita kuma sai ta ƙara sako FSH, mai tura ƙwai ya girma. Ƙwan sai ya nuna da wuri, wata mai kwana 28 ya koma 25 ko 24. Wani lokaci turin yakan fitar da ƙwai biyu, shi ya sa tagwayen da ba su yi kama da juna ba suka fi zuwa wa mata masu shekara 35 zuwa 39.

Asibitoci masu zaman kansu a manyan birane suna yin gwajin jini na AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage. Yana taimaka wa likita ya san yadda mace za ta amsa allurar IVF. Amma yawa yake aunawa, ba inganci ba. A 2017 Anne Steiner a jihar North Carolina ta bi mata 750 masu shekara 30 zuwa 44 da ke neman ciki, ta ga masu ƙarancin AMH suna samu kamar sauran. Bai kamata 'yar shekara 30 ta yanke ƙauna don lambarta ta yi ƙasa ba, bai kuma kamata 'yar shekara 42 ta saki jiki don tata ta yi sama ba.

Wasu abubuwa suna gaggauta ƙarewar ƙwai. Sigari yana jawo ɗaukewar al'ada da shekara 1 zuwa 2. Wasu magungunan sankara da gashin sankara da ake yi a ƙugu suna kashe ƙwai da yawa, haka ma tiyatar da ta yanke wani sashe na gidan ƙwai. Mace 1 cikin 100 al'adarta kan ɗauke kafin shekara 40. Ƙwayoyin tazarar haihuwa kuwa, da ake yawan zargi da ƙone ƙwai, ba sa ƙone shi, ba sa kuma adana shi. Allurar wata uku takan jinkirta dawowar haihuwa na wasu watanni bayan an daina, amma ba ta taɓa ajiyar.

Abin da asibiti ke iyawa

Tun haihuwar Louise Brown a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, miliyoyin yara sun zo duniya ta hanyar IVF. A Abuja, an samu haihuwa ta wannan hanya a asibitin Nisa Premier a 1998, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. IVF yana tsallake toshewar bututun ƙwai, yana taimaka wa maniyyi mai rauni, yana tara ƙwai da yawa a wata ɗaya don a zaɓi mai kyau. Abin da ba ya yi shi ne gyara ƙwan da ɗaurinsa ya saki. Bayan shekara 43 ko 44, nasararsa da ƙwan mace na kanta 'yan kaɗan ne cikin 100, kuma duk wanda zai sayar da fili ko gida don wannan aiki yana da haƙƙin a gaya masa haka tun farko.

Daskarar da ƙwai yana tsayar da shi a shekarun da aka ɗebe shi. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta cire shi daga jerin ayyukan gwaji a 2012, hukumar fatawa ta Masar kuma ta halatta shi a 2019 bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa da maniyyin miji kaɗai za a haɗa shi, da aure a tsakani. Ya fi amfani idan an yi kafin shekara 35, yana da tsada, kuma ba ya tabbatar da haihuwa. A Jami'ar Columbia an fara gwada maganin rapamycin don a ga ko zai rage saurin farkawar jakunkunan ƙwai. Zuwa yau babu ƙwaya, babu allura, babu sassaƙe ko tsimi da aka tabbatar yana mayar da tsohon ƙwai sabo, duk wanda ya ce yana da shi kuma kuɗin mutane yake ci.

A ƙasar Hausa, inda aure da wuri ya yawaita, wani zai ɗauka wannan magana ta matan Turai ce. Ta shafi bazawara 'yar shekara 37 da ta yi sabon aure, dangin miji suna zuba ido. Ta shafi wadda karatu ko rashin dace ya kai ta shekara 34 kafin ta shiga ɗaki, da wadda ta haifi ɗaya tun tana yarinya shiru ya biyo baya. Sau da yawa abin da ya hana cikin tun farko wani abu ne daban. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 1985 ya nuna cewa mafi yawan rashin haihuwa a matan Afirka daga cututtukan da ke toshe bututun ƙwai ne, kuma a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa a ko'ina, namiji yana da hannu a matsalar. Waɗannan abubuwa ne da ake iya ganowa, wasu a yi maganinsu. Amma idan aka shekara takwas ana yawo daga mai magani zuwa mai magani, matar da ta fara neman taimako tana da 31 za ta isa gaban likita tana da 39, ta ƙara matsala ta biyu a kan ta farko.

Ƙa'idar likitocin mata a bayyane take. Mace ƙasa da shekara 35, idan an shekara guda ana tare babu ciki, a je asibiti. Daga 35 zuwa sama, wata shida. Daga 40, kada a jira ko kaɗan. Maigida ya tafi tare da ita, a fara da gwajin maniyyinsa, domin shi ne mafi sauƙi da araha a duk gwaje-gwajen. Iyaye da surukai masu cewa a ƙara haƙuri su ci gaba da addu'a, amma su bar ma'auratan su je asibiti a wannan shekarar.